Hannun Daman Alhaji Bukari

Tunda kun zo, ku zauna. Kai mai jar hula, janye wannan gwangwanin gefe, fenti ne, in ya taɓa rigarka sai dai ka yi haƙuri da ita. Tun kuna bakin ƙofa na ji abin da kuke cewa: wai zane ai ba aiki ba ne, wai Alhaji Bukari a ɓagas ya yi arziki, yaɓe-yaɓe kawai yake yi Turawa suna saye. To, ni ne Sallau. Shekara talatin na yi a gidan Alhaji Bukari Mai Zane, gidan nan da kuka tashi kuka tarar ya zama siton takin zamani. Babu zanen da ya shiga gidan ko ya fita bai bi ta hannuna ba. Ku saurara ku ji.

A tashar mota na fara, nan Daura, wajen Ɗanladi Mai Fenti. Babana ne ya kawo ni daga ƙauyenmu na wajen Dutsi, ya danƙa ni a hannunsa ya koma gona. Shekara biyu ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Wanke buroshi da kananzir, goge katako da samfefa, tace fenti da tsohon ƙyalle, shi ne aikina. Ranar da aka fara ba ni rubutu, katakon bayan wata motar shanu ne, aka ce in rubuta A SAUKA LAFIYA. Na ɗauki buroshi da murna na fara da manyan baƙaƙe. Ina zuwa LAFI katako ya ƙare. Sai na cusa YA a ƙasa, ƙanana, kamar an rataye su. Ɗanladi ya zo ya duba, ya fasa kwalba ya miƙo mini guntu. Tun hantsi nake kankare katakon nan a rana har aka kira magariba, yatsuna duk suka yi jini. Daga ranar ban sake taɓa buroshi ba sai na ƙirga baƙaƙe, na auna da zare, na shata da alli.

Wata mota ce kuma ta haɗa ni da Alhaji Bukari. Mahaifinsa babban falken shanu ne, motocinsa kullum suna kan hanyar kurmi. Shi Bukari bai bi shanu ba, ya tafi Zariya ya karanci zane, daga can ya wuce Turai, ya dawo da suna da kuɗin da ya fi na shanun. Da uban ya rasu motocin suka dawo hannunsa, ya zo tasha duba ɗaya da muke yi wa fenti. Ya tsaya a bayana ya daɗe. Can ya ce, "Wa ya haɗa wannan koren?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Da me?"

"Shuɗi da rawaya. Sai ɗan ɗigon ja, don ya kashe masa ihu."

"Wa ya ce ka sa ja?"

"Ba wanda ya ce. Idona ne bai yarda da shi ba."

Nan take ya roƙi Ɗanladi ya ba shi ni. Ɗanladi ya ja ni gefe ya ce, "Ka je, za ka ci, za ka sha. Amma can ba za ka taɓa zama maigidan kanka ba." Ina da shekara ashirin da 'yan kai, maganar abinci kawai na ji.

Ranar da na fara shiga babban ɗakin, tsayawa na yi cak. Dogon ɗaki ne, tagoginsa a can sama, duk suna kallon arewa don kada rana ta faɗo wa bango. Zane-zane jere, wasu sun fi ƙofar zaure girma. Babu mutum a ciki, babu gida, babu bishiya. Launi kawai, wani ya hau wani, wani an kankare shi. Ni na ɗauka ba a gama su ba. Alhaji ya ce, "Me ka gani?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na ga kamar inda aka goge buroshi." Bai yi fushi ba. Ya ce, "Shekara goma na yi kafin in iya goge buroshi haka." Kun ga, ni ma na taɓa yin irin maganarku. Bambancin dai ni na tsaya na gani.

Ɗaure ƙyallen da ake zane a kai shi ne aikin farko da ya ba ni, kuma shi ne wanda ba mai gani. Katakon firam, wanda ake ɗaure ƙyallen a jikinsa, sai ya sha damina biyu a inuwa kafin zarto ya taɓa shi, in ba haka ba bayan wata shida zai murɗe ya tafi da zanen. A yanka kusurwa huɗu a auna da sikwaya, ma'aunin kafinta, in akwai gibin da farce zai shiga, a sake. Sannan a shimfiɗa ƙyalle. Ba daga gefe ake fara buga ƙusa ba, daga tsakiya ne: ɗaya nan, ɗaya can ɗaya ɓangaren, a ja da filaya, a juya, a sake, har a iso kusurwa. In an gama a ɗalla masa yatsa, ya kamata ya amsa kamar kalangu. Na farkon da na yi na bi gefe ɗaya har ƙarshe, ƙyallen ya tattare. Ƙyalle ne kuwa da aka zo da shi daga waje. Alhaji ya ɗauki wuƙa ya tsarge shi tun daga sama har ƙasa, ya miƙo mini wani. Sau uku muna haka a yini ɗaya. Shi ba ya zagi, yanka yake yi, ya bar ka da kallon abin da ka jawo.

Bayan ɗauri sai shafe. In je majema in roƙo ɓarɓashin fata, in dafa a bayan gida har ya narke ya yi yauƙi. Warinsa yakan kori kaji. In tace, in gauraya da farar ƙasa, in shafa sau uku, kowane shafi ya bushe a goge shi da samfefa. Fenti da yawa daga Turai ake kawo masa, amma ja ba ya yarda da na kowa sai na jar ƙasar wajenmu. In hau mota in je Dutsi in haƙo, in shanya, in niƙa a dutsen niƙa kamar mai niƙan hatsi, in tankaɗe da rariya, in sake tankaɗewa da ƙyalle, sannan in kwaɓa da mai. Yini uku don abin da bai cika gwangwanin madara ba. Duk wannan Alhaji bai ko ɗauki buroshi ba tukuna.

In ya ɗauka kuma, ba zama. Akwai wani zane da ya yi na kasuwar shanu ta Mai'aduwa. Sati uku muna zuwa kasuwar, ya tsaya a gindin bishiya yana kallo, bai zana komai ba. Da muka dawo ya yi wata huɗu a kai. Sau biyu yana gamawa yana kankarewa, ni ina tsaye da kwano ina tare fentin da na niƙa yana zuba. A ƙarshe ba saniya ko ɗaya a ciki, fari ne da toka-toka da lanƙwasa kamar ta ƙaho. Amma wani tsohon Bafillace da ya zo gaisuwa ya tsaya a gabansa ya ce, "Waɗannan shanun ƙishirwa suke ji." Alhaji ya fi jin daɗin wannan maganar a kan duk abin da aka rubuta a kansa a jarida. In zan faɗi gaskiya, mutumin ya iya. Duk abin da zan faɗa nan gaba, kada ku manta na ce ya iya.

Masu saye kuwa ba 'yan garin nan ba ne. Turawa, manyan ma'aikatan banki daga Legas, matan jakadu. Su zo su leƙa rijiyar Kusugu, su ɗauki hoto, su zarce gidanmu. A Daura ba wanda ya taɓa sayen ko ɗaya. Wani ɗan siyasa ya taɓa zuwa a zana shi da babbar riga, Alhaji ya kwatanta masa shagon mai hoto. Da surutu ya yi yawa cewa yana tara gumaka, limamin unguwarmu Malam Isiyaku ya zo da kansa. Ya zaga ɗakin a hankali, hannu a baya, ya duba kowanne. Da ya gama ya ce, "Alhaji, ban ga mai rai a ciki ba, saboda haka ba ni da ta cewa. Amma don Allah, mene ne?" Shi ke nan hukuncin garin nan a kanmu: ba haramun ba ne, ba kuma komai ba ne.

Ba nasa kaɗai ne a gidan ba. Rabin abin da ke bango na wasu ne, saye yake yi yana tarawa. Zariya, Kaduna, Legas, Damagaram, Yamai, duk na bi shi, ni da zarto da guduma, in haɗa akwati a wurin in shirya kaya. Wanda ba zan manta ba shi ne na Inuwa. Wani mai zane ne a Zariya, tare suka yi karatu da Alhaji. Muka same shi a ɗaki ɗaya a Sabon Gari, tari ya cinye shi, matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da goyo. Zanensa sun rufe bango har ƙasa. Ni a lokacin idona ya fara buɗewa, kuma ina shiga na gane aikin gwani nake kallo. Alhaji ya ce zai saya duka. Inuwa ya nuna wani ƙarami a saman gado ya ce, "Bukari, ka bar mini wannan, shi nake kallo in na kwanta." Alhaji ya ce, "Ko duka, ko babu." Inuwa ya dubi matarsa, ya dubi kwalaben magani, ya ce in sauke. Ni na hau kan gadon marar lafiya na cire shi daga ƙusa.

A hanya, mun wuce Kano, Alhaji ya ce, "Sallau, mutumin nan ya fi ni."

Na ce, "To ranka ya daɗe, me zai hana ka kai su Legas a gan shi?"

Ya ce, "Ka juya ka riƙe akwatin, hanya ba kyau."

Da muka iso ya sa na rataye su a ɗakin ciki, wanda ba a kai baƙi. Shi kaɗai yake shiga bayan sallar asuba ya zauna a gabansu. Inuwa bai kai shekara ba ya rasu, kuma har yau in ka ambaci sunansa a cikin masu harkar ba wanda zai ɗaga kai.

Tsaron kayan nan shi ne ya ci ƙuruciyata. Zane yana da maƙiya: gara, danshi, rana, kashin ƙadangare. Kullum da safe in zaga ɗaki biyun, in ƙwanƙwasa kowane firam da yatsa. In ya amsa da sautin fanko, gara ta shiga, sai a sauke a canza katako a ranar. Ƙura da gashin kaza ake kaɗe ta, ba da tsumma ba. Ba a jingina zane da bango kai tsaye, sai an sa ɗan katako a baya iska ta riƙa wucewa. Shekara ashirin da wani abu ina wannan zagaye, ko ranar sallah sai na yi kafin in tafi idi, kuma ko ɗaya bai lalace ba.

Sai shekarar ruwa. Rufin gidan na kankare ne, kuma tun damina biyu kafin nan na ga tsaga a kusurwar ɗakin ciki. Na faɗa wa Alhaji, ya ce za a duba. Ya tafi Turai baje kolin zanensa na wata uku, ya bar gida a hannun babban ɗansa Kabiru. Sau uku ina samun Kabiru. Na ƙarshe yana wanke sabuwar motarsa, ko juyowa bai yi ba ya ce, "Baba Sallau, kai dai ka cika tsoro. Kankare ne fa, ba jinka ba." Na ce a ba ni ko buhun siminti biyu in hau da kaina. Ya ce in bari Alhaji ya dawo.

Ranar wata Talata bayan la'asar aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Indararo ya toshe, ruwa ya taru a sama, tsagar ta buɗe. Ina shiga ɗakin ciki na tarar bango yana kwarara, ruwa a ƙasa ya kai idon sawu. Ɗaya bayan ɗaya nake sauke su ina gudu da su babban ɗaki, wasu sun fi ni tsawo, in ɗora a ka in bi ta ƙofa a karkace. Ina kira ba mai amsawa, kowa yana tare ruwa a nasa ɗakin. Da ruwan ya tsaya ba a gama ba, domin marka ce ta biyo, kwana takwas ba rana. Fumfuna ta fara fitowa, fari-fari, sannan baƙi. Jiƙaƙƙen zane ba a kai shi rana, fentin zai ɓaɓɓake ya zube. Na kwantar da su fuska sama, na jera kaskon gawayi daga nesa, ina bi da auduga ina ɗauke fumfuna a hankali, taƙi ɗaya-ɗaya. Na ceci mafi yawa. Amma na Inuwa su ne a jikin bangon da ya fashe. Fentinsu ya kumbura ya saɓule kamar fatar da ta ƙone. Uku kawai suka tsira.

Da Alhaji ya dawo ya shiga ɗakin ciki ya daɗe. Ya fito ya tara mutanen gida a tsakar gida. Kabiru ya ce shi ba wanda ya gaya masa komai. Alhaji ya juyo ya ce, "Sallau, amanar da na ba ka ke nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na faɗa. Kai ma na faɗa maka."

Ya ce, "Ɗana kake cewa ya yi ƙarya, ko ni?"

Ya ce in ajiye makullai. Na ciro su daga aljihu na ajiye a kan tabarma, na ɗauki zartona da gudumata na fita, yatsuna ko warkewa ba su yi ba daga ƙunar gawayi. Na koma tasha na tarar Ɗanladi ya rasu, rumfarsa ta zama shagon masu buga allunan talla da inji. Wata biyar ina yawo ina rubuta lambar gida da sunayen shaguna, ina da mata da 'ya'ya shida.

Kabirun ne da kansa ya zo nemana. Ya tsaya a ƙofar gidana yana wasa da makullin mota ya ce, "Baba Sallau, Alhaji ba lafiya, yana kiranka." Ashe ɓarin jikin Alhaji na dama ne ya shanye. Na same shi a kujera a babban ɗaki, baki ya karkace, hannun da ya yi zanen kasuwar shanu yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Bai ce yi haƙuri ba, ni ma ban jira ba. Da ƙyar maganarsa take fita. Ya nuna wani farin ƙyalle da ke jingine ya ce, "Ɗauki buroshi."

Haka muka fara. Yana riƙe da dogon kara a hannun hagu yana nunawa. "Nan. Ja. A'a, mai duhu. Ja shi ƙasa. Tsaya." Ni kuma ina yi. Shekarar farko duk abin da ya ce shi nake sawa, ko ɗigo ban ƙara ba. Daga baya ya fara gajiya, yakan yi barci a kujera karan ya faɗi, fenti kuwa ba ya jiran mai barci, sai in ci gaba. In ya farka ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Bar shi haka." A shekara ta uku ya daina ɗaukar karan ma. Da safe zai ce, "Ruwan farko," ko ya ce, "Masussuka," shi ke nan, sauran nawa ne. In na gama in kawo zanen gabansa, in tsoma masa ƙaramin buroshi, in tallafe masa gwiwar hannun hagu, ya rubuta sunansa a kusurwa. Shekara shida muna haka.

Waɗannan su ne suka fi duk abin da ya taɓa yi kasuwa. Aka shirya masa babban baje koli a Abuja. Ni na haɗa akwatuna, ni na bi mota, ni na rataye su, kwana biyu ina kan tsani. Ranar buɗewa na sa rigata ta sallah, na tura kujerar Alhaji har bakin ƙofa. Nan Kabiru ya karɓe ta. Mai gadi ya tambaye ni katin gayyata. Na dubi Alhaji, idonsa yana kan mutanen da ke tafa masa. Na koma wajen ajiye motoci na zauna cikin direbobi. Ana jin jawabi ta lasifika, wata mata tana ta Turanci. Wani direba ya ce, "Baba, ka san me take cewa? Wai ciwon nan alheri ya zame wa maigidanku, wai tunda ya kwanta hannunsa ya fi sakewa." Na ce, "Allah Sarki."

A hanyar dawowa Alhaji ya ce, "Sun ji daɗi, Sallau." Na ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe." Can wajen Kazaure ya sake cewa, "Wata rana zan gaya musu." Ban tambaye shi me zai gaya musu ba, shi ma bai sake tayar da maganar ba. Ba zan ce bai yi mini komai ba, Allah yana gani. Filin da nake zaune shi ya ba ni, shi ya yi mini rufin kwano, shi ya ɗauki karatun 'yata Hadiza har ta zama malama. Duk abin da hannu zai iya bayarwa ya bayar. Abin da baki zai faɗa ne ya gagare shi.

Ya rasu wata Alhamis da hantsi, ina cikin wanke masa buroshi. Jana'izarsa ta cika, har daga Nijar an zo. Da aka zauna rabon gado, shanu da gidaje da motoci ba su ba kowa wahala ba. Da aka zo kan zane malamin da ke rabo ya ce shi bai san yadda ake yi wa wannan ƙima ba. Kabiru ya kirawo wani dillali, Yusha'u, ɗan Kaduna ne mai shagon zane a Legas. Na zuba ido ina kallon yadda yake zaɓe. Ba gaban zanen yake fara dubawa ba, kusurwa yake leƙawa ya karanta suna. In ya san sunan ya ce a kai mota, in bai sani ba ya wuce. Ukun nan na Inuwa ko tsayawa bai yi a kansu ba. Ni na haɗa masa akwatunan, shi ne aikina na ƙarshe a gidan. Sauran da ya bari, masu sayar da madubi suka saye firam ɗin, ƙyallayen kuma aka lulluɓe buhunan taki da su. Na roƙi Kabiru ya bar mini na Inuwa. Ya ce sai ya yi shawara da 'yan'uwansa, kayan marayu ne. Da na koma bayan sati ɗaya an riga an farke su.

Bayan shekara biyu ina nan zaune a wannan shagon, ina rubuta allon wani mai maganin gargajiya, sai ga Yusha'u. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar ɗan arziki, ya kawo mini turare. Bayan an gama gaisuwa ya matso ya rage murya.

"Baba, ni fa ba yaro ba ne a harkar nan. Mutumin da ba ya iya kai cokali bakinsa ba shi ya yi zanen shekara shidan nan ba. Na tambaya, an gaya mini."

Na ce, "To."

"Ana nemansu, Baba, kuma sun ƙare. Ka yi mana ko guda goma. Za a ce an same su a wani ɗaki da ba a buɗe ba. Maganar sa hannu kada ta dame ka, muna da mai yi."

Na ajiye buroshi na ce, "Zan yi maka goma, zan yi maka ashirin. Amma sunana zan sa."

Ya yi murmushi, irin wanda ake yi wa tsoho in ya yi ɓaram-ɓarama. Ya ce, "Baba, wallahi ba raini ba ne. Sallau wa? Ba wanda ya san shi."

"To kai ka sanar da su mana. Ba ka ce ka san wanda ya yi ba?"

"In na faɗi haka, waɗanda na riga na sayar sun zama tsumma. Ni da kai duk mun yi asara."

Na ce, "Ni wace asara ta rage mini? Da yana raye ya ce in yi, na yi, ya gani da idonsa ya sa hannu. Yanzu yana kabari, ba zan ɗora masa abin da bai gani ba." Ya ce in yi tunani. Na ce na yi. Ya tashi ya kaɗe wandonsa ya ce ba komai, masu hannu suna da yawa a Legas.

Bara Hadiza ta zo hutu daga Katsina, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Baba, dubi, an gano wani zanen Alhaji da ba a taɓa gani ba, har an sayar da shi a Turai." Na sa tabarau na ce ta ƙara masa girma. Kallo ɗaya na yi masa. Jan da ke ciki na kanti ne, bai taɓa ganin dutsen niƙa ba. Wanda ya yi shi kuma ya ji an ce Alhaji marar lafiya ne, sai ya riƙa karkaɗa hannunsa da gangan, kowane layi yana rawa kamar na mai zazzaɓi. A shekara shidan nan babu layi ɗaya da ya yi rawa, don ni lafiyata ƙalau.

Hadiza ta ce, "Baba, nasa ne?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "To ai sai a faɗa. Ni zan rubuta musu."

Na ce ta bari. In ta rubuta za su tambaya wa ya ce, ta ce Sallau. Su ce shi Sallau ta yaya ya sani? Duk duniya ni kaɗai ne zan iya rantsuwa cewa wancan na ƙarya ne, saboda ni na yi na gaskiyar. Na gaskiyar kuma, in kun je kun leƙa kusurwarsu, ba sunana ne a jiki ba. Na miƙa mata wayarta, na ce ta zubo mini ruwa a buta, an kusa kiran azahar.